Muhawara: a ba mu tallafin taki ne, ko a gyara mana kasuwar taki?

Manomin Masara:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya ina share ɗakin ajiya saboda damina ta ƙarato, sai na ci karo da ƙullin kamfa, wato takin zamani haɗaɗɗe na NPK, a bayan tsofaffin buhuna, ya sha danshi ya dunƙule kamar dutse. Kasona ne na takin tallafi na bara. Tun watan Afrilu aka rubuta sunayenmu, aka karɓi lambar waya, aka ce mu saurara. Na yi shuka a farkon Yuni. Masara ta yi sati biyu, shiru. Ta kai gwiwa, ganyen ƙasa ya fara yin rawaya, har yanzu shiru. Da na ga gona za ta lalace a gaban idona, na roƙi uwargida ta ba ni aron tunkiyarta, na sayar, na haɗa da ɗan abin da ke hannuna na sayo buhu uku a kasuwa. Takin tallafi bai iso ba sai ƙarshen Agusta, masara ta riga ta yi goyo. Buhu ɗaya aka ba mu mu uku, muka raba da kwano a gindin bishiya. Ihu bayan hari.

Abin da ya fi yi mini ciwo, da ban zauna jiran alƙawari ba da na sayi takina tun Maris, lokacin da yake da ɗan sauƙi. Shi ya sa nake tambaya: kuɗin da ake kashewa a kan tallafi, bai fi a kashe shi wajen ganin taki mai kyau yana nan a shagon garinmu kafin ruwa ya sauka ba, ko da a farashinsa ne?

Tsohon Malamin Gona:
Wa alaikumus salam. Allah ya mayar maka da alheri, ɗana. Wannan kukan naka na fara jin sa tun ina saurayi a bakin aiki. A 1976, zamanin shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo, gwamnati ta ɗauki nauyin sayen taki da rabonsa, da rangwame mai yawa. Muna roƙon manoma a lokacin su karɓa, wasu suna cewa yana ƙona ƙasa. Da suka ga abin da yake yi wa masara, sai buƙata ta fi abin da ake kawowa, kuma daga nan masu hannu da shuni suka shiga tsakani. An cire tallafin a 1997, aka dawo da shi a 1999 da kashi 25 cikin ɗari. Duk sauyin nan abu ɗaya bai canza ba: taki yana bin hanyar takarda da sa hannu, ita kuwa damina ba ta jiran sa hannun kowa. Masara tana son kamfa cikin sati biyu na farko, yuriya kuma daga sati na huɗu zuwa na shida. Wanda aka zuba bayan haka rabinsa ciyawa ake ciyarwa.

Mai Shagon Taki:
Baba ya faɗi gaskiya. Ku bari ni ma in faɗi nawa, don kullum mu ake zagi. Ina da ƙaramin shago, jarina bai wuce tirela guda ba, kuma rabinsa bashi ne. Da zarar an sanar a rediyo cewa gwamnati za ta raba taki da rahusa, ciniki ya tsaya cak. Manomi yana jira. Ni kuma ina tsoron saro kaya, don idan nasu ya sauko, wanda aka karkatar zai shigo kasuwa a ƙasa da farashin da na saro. To sai in rage oda. Idan nasu ya makara, kowa ya rugo shagona lokaci ɗaya, kaya ba yawa, babban dila a birni ya ƙara kuɗi, ni ma in ƙara, sai a ce Alhaji ya ɓoye taki. Wallahi sau da yawa ba ɓoyewa ba ne, ba mu saro ba ne.

Shugabar Mata Manoma:
Alhaji, na ji ka, amma ku yi mana adalci. Ku da kuke cewa a bar taki a farashinsa, kuna da abin sayarwa. Malam mai masara ya sami tunkiya. A ƙungiyarmu akwai mata da mazansu suka rasu suka bar musu yara da 'yar gona, ba akuya ba kaza. Irin waɗannan ko an jera taki a ƙofar gidansu tun Janairu, ido kawai za su bi shi da shi. Ni na ci moriyar shirin rabon taki ta waya na zamanin Ministan Noma Adesina. Saƙo ya shigo, na tafi wurin da aka ce, na biya rabin kuɗi na ɗauki buhu biyu, har da iri. Ban durƙusa wa kowa ba. A rayuwata wannan ne karon farko da na karɓi takin gwamnati da hannuna. Don haka kar a ce tallafi ba ya aiki, an dai san yadda ake yi idan an ga dama.

Mai Shagon Taki:
Hajiya, shirin 2012 kike nufi, kuma ni ina cikin waɗanda suka raba kayan. Tsarinsa ya yi kyau: gwamnati ta fita daga saye da rabo, manomi ya biya rabi, tarayya da jiha su biya mana sauran. Shi kansa ministan ya sha faɗin cewa kafin nan kashi 11 cikin ɗari na manoma kaɗai ke samun takin tallafi. Amma ki tambayi dillalai yadda aka ƙare. Mun ba da kaya, kuɗinmu ya maƙale shekaru, banki kuma ruwansa yana hawa. Na san waɗanda suka rufe shago daga wannan bashin. Ga ƙauyukan da babu sabis, saƙon ba ya shiga, mutum ya zo da sunansa a rajista amma babu yadda za a tabbatar. Da aka canza gwamnati kuma shirin ya mutu.

Ɗalibin Tattalin Arziki:
Iyayena, ku ba ni dama in sa baki. Abin da muke tattaunawa ba mu kaɗai ya dama ba. Malawi ce misalin da kowa ke kawowa. Bayan mummunar kakar 2005, Shugaba Bingu wa Mutharika ya ƙi bin shawarar masu ba da lamuni na ƙasashen waje, ya fara raba wa ƙananan manoma takardun sayen taki da iri da rahusa. Masara ta yi albarka, har suka sayar wa maƙwabta, aka yi ta yabon su a duniya. Amma da farashin taki ya yi tashin gwauron zabo a 2008, shirin ya lashe kusan kashi 16 cikin ɗari na kasafin kuɗin ƙasar gaba ɗaya. Ba na ma'aikatar noma ba, na ƙasa. Kuɗin hanya, na bincike, na malaman gona, duk taki ya cinye. Kuma da zarar an fara ba a iya tsayawa, don duk ɗan takara da taki yake yaƙin neman zaɓe. Yau kusan shekara ashirin ana yi, har yanzu fari ɗaya ya isa ya jefa su neman agajin abinci. Ni a ganina a cire tallafin kawai.

Shugabar Mata Manoma:
Ɗana, kana faɗin "a cire kawai" kamar cire ƙaya. An cire na man fetur a 2023, an ce kuɗin zai dawo mana ta wata hanya. Ni dai abin da na gani shi ne kuɗin motar da ke kai mu kasuwa ya ninka. Idan an cire na taki, wa ya ba ka tabbacin hanyar ƙauyenmu za a yi da kuɗin?

Ɗalibin Tattalin Arziki:
Gaskiyarki Mama, ba ni da wannan tabbacin. Na yi gaggawa.

Tsohon Malamin Gona:
Madalla da yaro mai karɓar gyara. Amma maganarsa ta Malawi akwai abin dubawa a ciki, kuma a nan nake so in ɗan daɗe. Mutane sun ɗauka taki kamar man mota ne, ka zuba ta tashi. Ba haka ba ne. Na auna gonaki da hannuna: manomi biyu, buhu iri ɗaya, gona kusa da gona, ɗaya ya ninka ɗayan a kaka. Me ya raba su? Na farko yana kai takin gida duk rani, yana barin kara ya ruɓe, yana juya masara da waken suya ko gyaɗa, ya shuka iri mai kyau a kan lokaci, ya tona ya binne yuriya a gefen shuka. Na biyu gonarsa ta zama rairayi, ƙuduji ya cika ta, ya watsa yuriya a saman ƙasa da rana tsaka. Yuriya idan ba a binne ta ba, wani kaso mai yawa iska yake bi, wanda ya rage kuma ruwan sama mai ƙarfi ya wanke shi tunda ƙasar ba ta da abin riƙewa.

Ku lissafa da ni. Shawarar da aka daɗe ana ba mai masara a yankinmu ita ce kilo 120 na sinadarin naitirojin a hekta, da 60 na fosfat, da 60 na fotash. Wato kamar buhu takwas na kamfa 15-15-15 da kusan buhu uku na yuriya. To buhu biyu na tallafi, ko kwano shida da aka raba muku a gindin bishiya, ina za su kai? Gwamnati tana biyan biliyoyi a kan buhu, amma malamin gona ɗaya ke kula da dubban manoma, ba shi da babur, ba shi da mai. A zamaninmu da Bankin Duniya ke tallafa wa hukumomin raya noma na jihohi, duk sati biyu muna zagaya ƙauyuka. Wannan zagayen shi ne ke sa buhu ya haifi buhuna. Shi ya mutu, ba wanda ya yi masa kuka, domin ba a ɗaukar hotonsa a ranar ƙaddamarwa.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa ga manya. Mu a Nijar da yake ba mu saba ganin taki da yawa ba, dabara ta zame mana dole. Masu binciken ICRISAT, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, a Sadore kusa da Yamai sun koya wa mutane sa taki ɗan kaɗan a ramin shuka: giram 6 na kamfa, ko giram 2 na takin DAP mai yawan fosfat, abin da yatsu uku za su ɗebo ko murfin kwalbar lemo. Da kilo kaɗan mutum ya gama gonar hatsi, kuma bambanci a fili yake. Abin da ya sa ya karɓu shi ne an buɗe ƙananan shagunan ƙungiya a ƙauyuka inda ake sayar da taki kilo ɗaya, kilo biyu. Mai kuɗi kaɗan ma ya saya.

Sai kuma ajiyar jingina. A kaka, maimakon ka zubar da hatsinka ko wakenka da arha, ƙungiya ta zuba a sito, a sa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya wurin ƙungiya ɗaya wurin asusun ba da rance. A ba ka rance ka yi sana'ar rani. Wajen Afrilu ko Mayu kaya sun yi daraja, a buɗe a sayar, ka biya bashi, ribar ka sayi taki kafin ruwa. Ba kowace shekara take yin daɗi ba, wani lokaci farashi ba ya tashi. Amma Hajiya, wannan ya fi kusa da matan da kike magana a kansu.

Shugabar Mata Manoma:
Wannan ta shige ni. Mu abin da ke kashe mu shi ne bashin kaka. Ka karɓi buhun taki a Yuli wurin mai kuɗi, a kaka ka biya da buhunan masara a farashin da shi ya yanka. Kana noma, wani na kwashewa.

Mai Noman Rani:
Ni tambayata ɗaya ce. Muna da iskar gas, muna da kamfanin Indorama a Eleme, ga na Dangote a Lekki da aka ƙaddamar a Maris 2022, wanda aka gina don tan miliyan 3 na yuriya a shekara. Har Brazil da Amurka da Indiya ake kai yuriyarmu. To me ya sa ni da ke shinkafa a fadama nake sayenta kamar daga Turai aka kawo?

Ɗalibin Tattalin Arziki:
Yaya, domin farashinta da dala ake auna shi. Mai kamfani yana da zaɓi: ya loda jirgi ya karɓi dala, ko ya sayar a gida. Ba zai sayar a gida ƙasa sosai da abin da zai samu a waje ba. A 2020 tan ɗaya na yuriya a kasuwar duniya bai kai dala 300 ba. Gas ya yi tsada a Turai, Sin ta taƙaita fitar da taki a ƙarshen 2021, sai ga yaƙin Rasha da Yukiren a Fabrairu 2022, tan ya haura dala 800. Bayan farashin duniya ya sauko, a Yuni 2023 aka saki naira darajarta ta faɗi, sai sauƙin bai iso mana ba. Kamfa kuwa dole sai da kayan waje: fosfat daga Maroko, fotash kuma Kanada da Rasha da Belarus ne ke riƙe da mafi yawansa. Sannan ka ɗora kuɗin dizal daga Fatakwal ko Legas zuwa Arewa, da shingayen hanya, da ruwan banki.

Mai Shagon Taki:
Shi ya sa ni a duk shirye-shiryen da na gani, wanda ya fi kama da kasuwanci shi ne na zamanin Buhari, bayan zuwan Sarkin Maroko Muhammad na Shida a Disamba 2016. Maimakon a shigo da kamfa a haɗe, sai aka riƙa shigo da fosfat da fotash, a haɗa da yuriyarmu da farar ƙasarmu a masana'antun cikin gida, a fito da kamfa 20-10-10 a kan naira 5,500 buhu. Masana'antun haɗa taki da suka daɗe a rufe suka farfaɗo, aka gina sababbi da yawa a Arewa. Ba sai an rubuta sunanka ba, ka zo da kuɗinka ka ɗauka. Farashin bai ɗore ba, amma masana'antun suna nan. Matsalar da ta biyo baya ita ce ingancin abin da ke cikin buhu. Akwai masu sake ɗura kaya, su cika da yashi ko farar ƙasa, su ɗinke da buhu mai tambari. An sa hannu a dokar kula da ingancin taki a 2019, amma ni tunda nake shagon nan ba a taɓa zuwa an ɗebi samfuri daga kayana an kai awo ba. Kuma ina so a zo, don mai gurɓataccen kaya yana karya mini farashi.

Manomin Masara:
Alhaji ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Cikin buhu ukun nan da na saya da kuɗin tunkiya, ɗaya na zuba a ruwa a kofi don in gwada, ya kwana, da safe rabin kofin tsakuwa ce zaune. Wa zan kai wa ƙara? Wanda ya sayar mini ya rantse shi ma haka ya saro.

Ɗan Zangon Tamale:
Sannunku da muhawara. A Gana mun ga wani ɓangaren. Shirin shuka don abinci da ayyukan yi na Shugaba Akufo-Addo ya fara a 2017 da rangwamen rabin kuɗi. Da yake a Burkina Faso taki ya fi tsada, sai aka riƙa tsallakar da shi da dare, a babura, a amalanken jaki, har da manyan motoci. Kuɗin harajin ɗan Gana, amfanin gonar wani. Duk inda ka sa farashi biyu a kan kaya ɗaya, to ka buɗe wa wani sana'a. Su ma masu shigo da takin sun yi ta kukan gwamnati ba ta biya su a kan lokaci, daidai da abin da Alhaji ya faɗa.

Mai Kiwo da Noma:
To ni dai ina ganin mu koma takin gargajiya gaba ɗaya mu huta. Kakanninmu da kashin shanu da toka suka ci da kansu.

Tsohon Malamin Gona:
Ƙanena, ina son takin gida fiye da yadda kake zato, amma a yi hattara. Kakanninmu suna da daji, gona ta gaji su bar ta ta huta shekaru, Fulani su sauka su kwana a kanta da garke. Yau gonar da mutum ɗaya ya noma an raba wa jikoki goma sha biyu. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin, kafin ka sami wannan a kashin shanu sai ka kwashi tan biyu zuwa sama. Ina dabbobin, ina amalanken? Siri Lanka ta gwada abin da kake faɗa. A Afrilu 2021 Shugaba Gotabaya Rajapaksa ya hana shigo da takin zamani dare ɗaya. Shinkafa ta faɗi, ganyen shayin da suke samun kuɗin waje da shi ya ragu, kafin ƙarshen shekarar suka janye dokar, a Yuli 2022 shi kansa ya bar ƙasar da gudu. Indiya kuma ta tafi ɗaya gefen: ta riƙe farashin yuriya a ƙasa sosai shekara da shekaru, manoma suka riƙa zuba ta fiye da kima suna barin fosfat da fotash, ƙasa ta fara gajiya a wurare irin su Punjab. Sai da suka riƙa shafa wa yuriyar man darbejiya daga 2015 don rage karkatar da ita zuwa masana'antu. Mu a Afirka ba yawan taki ke damun mu ba. A taron Abuja na Yuni 2006 shugabanni suka yi alƙawarin ɗaga amfani da taki daga kilo 8 a hekta zuwa 50 kafin 2015. Ba a kai ba, aka sake zama a Nairobi a Mayu 2024. Abin da ya dace da mu shi ne a haɗa biyun: takin gida ya gyara jikin ƙasa, na zamani ya ciyar da shuka. Kuma wanda ke da gawo a gonarsa kar ya sare shi.

Mai Noman Rani:
Baba, akwai abin da ba a ambata ba. Manomi ba farashin taki kaɗai yake dubawa ba, yana duba buhun masara ko shinkafa nawa zai sayar ya sayi buhun taki ɗaya. Bayan an buɗe ƙofar shigo da hatsi ba haraji a 2024, abinci ya sauko, masu saye sun ji daɗi, ban ƙi ba. Amma taki bai bi shi ya sauko ba. A unguwarmu mutane da dama sun bar masara sun koma dawa da waken suya don ba sa cin taki sosai. Ko da rahusa aka ba ni, idan zan sayar da amfanin a ƙasa da abin da na kashe, ba zan zuba ba.

Shugabar Mata Manoma:
To ni inda na tsaya: ban yarda a cire tallafi ba. Amma a ba mai rauni shi kai tsaye, ta waya ko kati, ya je shagon da ya ga dama, tun Afrilu, a kuma biya su Alhaji kuɗinsu kafin su karye. Kar ya bi ta hannun ɗan siyasa.

Manomin Masara:
Hajiya, da haka ake yi da ban buɗe wannan magana ba. Amma ni bana ba zan rubuta sunana in zauna jira ba. Na yi magana da mutum tara a garinmu, za mu haɗa kuɗi mu saro kai tsaye daga masana'antar haɗa taki kafin ƙarshen wata, mu raba kuɗin mota. Takin gida kuma na fara kaiwa tun makon jiya, amalanke shida ya shiga. Alhaji, idan mun tashi, ko za ka taimaka ka duba mana kayan kafin a loda? Ɗan uwa na Maraɗi kuma, don Allah ka yi mini bayanin yadda kuke rubuta yarjejeniyar kwaɗo biyun nan, wa ke biyan hayar sito da maganin ƙwari, don ina so mu gwada da waken suya a kaka mai zuwa.

Mai Shagon Taki:
Ba komai Malam, ku sanar da ni ranar. Ku zo da kofi da ruwa, kuma mu auna buhu biyar a sikeli kafin a ɗora ko ɗaya a mota.

Ɗan Maraɗi:
In sha Allah bayan sallar isha'i zan rubuto, sai na tambayi ma'ajin ƙungiyarmu kuɗin da muka biya na sito bara.